Yadda Ake Shirya Mota Kafin Shigowar Hunturu Mai Ƙanƙara

Sanyi ba ya ƙirƙiro wa mota cutar da ba ta da ita tun farko. Abin da ya fi yi shi ne tona asirin raunin da ya daɗe a ɓoye. Batirin da ya yi ta tayar da inji da lallami a watannin zafi, da tiyon lagireto da ya fara taushi saboda tsufa, da tayar da zanenta ya cinye har ya wuce rabi, duk suna iya ci gaba da aiki ba tare da mai mota ya lura ba, har zuwa safiyar da ma'aunin zafi zai sauka ƙasa da sifili. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka shirin hunturu bincike ne na gano waɗannan tsage-tsage tun da sauran lokaci, kuma ya kamata a fara shi makonni huɗu zuwa shida kafin lokacin da aka saba ganin ƙanƙarar farko, wato wajejen watan Oktoba a ƙasashen arewacin duniya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duk digirin da za a ambata a nan na ma'aunin Salsiyos ne, wanda ruwa ke daskarewa a sifilinsa.

Mataki na farko: batir

Da batir ake farawa, domin shi ne ya fi kunyata mai mota a hunturu. Wutar da yake bayarwa tana fitowa ne daga haɗuwar dalma da ruwan asid da ke cikinsa, kuma sanyi yana rage saurin wannan haɗuwa, ta yadda a digiri 18 ƙasa da sifili batir kan rasa kusan rabin ƙarfinsa. A daidai wannan lokaci kuma baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa, ga fitilu da hita da waifa duk suna jan wuta. Ke nan ana neman ƙarin aiki daga wanda ƙarfinsa ya ragu.

A fara da duba shekarunsa. Yawancin batiran mota suna yin shekara 3 zuwa 5, kuma wanda ya haura huɗu ya cancanci a yi masa kallon tuhuma ko da bai taɓa ba da matsala ba. Sannan a auna shi da na'urar auna wuta bayan motar ta kwana a kashe: cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko sama da haka kaɗan, 12.4 na nufin cajinsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 kuwa kusan rabi ke nan, kuma duk abin da ya sauka zuwa 12.0 yana bukatar caji nan take. Idan an tayar da injin, ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.7 da 14.7, abin da ke nuna cewa altaneta tana mayar wa batirin abin da aka ɗiba daga gare shi. Amma wannan awo na caji ne kawai, ba ya faɗin lafiyar batirin. Tsohon batir yana iya nuna 12.6 ya kuma kasa juya inji, don haka sai a nemi bakanike ya gwada shi da na'urar da ke ɗora masa nauyi, wadda ita ce ke bayyana ainihin ƙarfin da ya rage masa.

Wanda zai sayi sabo ya lura da lambar da aka rubuta a jikinsa kusa da haruffan CCA. Wannan lamba tana nuna yawan wutar da batirin zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya durƙushe ba, kuma bai kamata ta gaza abin da littafin motar ya ƙayyade ba. Motocin da ke kashe injinsu da kansu idan an tsaya a danja suna da nau'in batir na musamman, kuma saka musu na gama-gari asara ce, domin ba ya daɗewa.

Kawunan batir su ma suna bukatar kulawa. Farin gari ko koren da ke taruwa a kansu yana tare wuta kamar yadda tsatsa ke toshe famfo. A cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, sannan mai alamar tarawa, a goge su da burushin waya, a mayar da su ta hanyar fara ɗaura mai alamar tarawa, a ƙara musu ɗan giris, a kuma tabbatar batirin ya zauna daram a mazauninsa. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: batirin da ya cika da caji ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, amma wanda cajinsa ya ƙare ruwan cikinsa ya koma kusan ruwa zalla, yana iya daskarewa da ɗan sanyi kaɗan ƙasa da sifili har kwandonsa ya fashe. Batirin da ake zaton ya daskare ba a yi masa caji, ba a kuma haɗa shi da na wata mota, sai ya narke an duba shi. Motar da ba ta yin doguwar tafiya, ko wadda ke yin kwanaki a ajiye, tana amfana ƙwarai da ƙaramar cajar nan da ake jona wa a bango wadda ke tsayawa da kanta idan batir ya cika.

Mataki na biyu: ruwan lagireto

Idan batir ya mutu, an makara ne kawai. Idan ruwan inji ya daskare, ana iya rasa injin gaba ɗaya. Ruwa yana ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara, kuma wannan ƙari ya isa ya tsaga lagireto, ya fasa tukunyar hita, har ma ya tsaga jikin injin kansa, ɓarnar da sau da yawa gyaranta ya fi ƙarfin darajar tsohuwar mota. Abin da ke hana haka shi ne maganin daskarewa da ake gaurayawa da ruwa. Haɗin rabi da rabi yana kare inji har zuwa kimanin digiri 37 ƙasa da sifili, kuma ya wadatar a yawancin wurare. A inda sanyi ya fi haka tsanani ana iya kai maganin kashi 60 cikin 100, amma kada ya wuce 70. Abin mamaki shi ne maganin zalla, wanda ba a sirka da ruwa ba, yana daskarewa tun a kusan digiri 13 ƙasa da sifili, kuma ba ya ɗauke zafi daga inji yadda ya kamata, don haka mai cika lagireto da shi tsagwaronsa da nufin ƙarin kariya ya yi akasin abin da yake nema.

Ba a gane ƙarfin haɗin da ido. Akwai ƙaramar na'ura mai kama da sirinji da ake zuƙo ruwan da ita ta nuna iyakar sanyin da zai jure, kuma kowane gareji yana da ita. A yi wannan gwaji injin yana da sanyi, domin buɗe murfin lagireto mai zafi yana watso tafasasshen ruwa a fuska da hannu. Idan ruwan ya yi launin tsatsa, ko an ga mai yana yawo a samansa, ko an daɗe ana ƙara masa ruwa zalla duk lokacin da ya ragu, to a zubar da shi duka, a wanke hanyoyinsa, a zuba sabo. Motar da aka sayo hannu na biyu, musamman wadda ta yi zama a ƙasa mai zafi, a ɗauka cewa ruwa zalla ne a cikinta har sai gwaji ya nuna ba haka ba. A irin wannan mota a kuma tabbatar ba a cire tamostat ba, wato ƙofar da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya ɗumama. Idan babu ita, ko ta maƙale a buɗe, injin ba zai kai zafin aikinsa na kusan digiri 90 ba, hita za ta riƙa hura iska mai sanyi, man da motar ke sha kuma ya ƙaru.

Game da nau'in maganin, launi ba hujja ba ne. Kamfanoni daban-daban suna rina nasu kore ko ja ko shuɗi yadda suka ga dama, kuma gauraya nau'i biyu da ba su dace ba yana iya rage kariyar tsatsa ko ya haifar da dabɓare a cikin lagireto. Littafin motar ne ke faɗin wanda ya dace. A sirka shi da tataccen ruwa, a matsa kowane tiyo da hannu don jin ko ya yi laushi fiye da kima ko ya bushe yana tsagewa, a duba bel ɗin inji ko ya fara zare. A kuma tuna cewa wannan magani guba ne mai zaƙi a baki, wanda ke jan hankalin yara da dabbobi, saboda haka duk ɗigon da ya zuba a ƙasa a goge shi, tsohon ruwan kuma a kai shi inda ake karɓar irinsa.

Mataki na uku: baƙin mai da man tafiya

Lambobin da ke jikin galan ɗin baƙin mai, kamar 5W-30, suna da ma'ana kai tsaye ga hunturu. Lambar farko, wadda ke zuwa kafin harafin W, tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, kuma ƙanƙantarta ita ce alherinta: ana gwada mai 10W a digiri 25 ƙasa da sifili, mai 5W a 30, mai 0W kuma a 35. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa bayan inji ya yi zafi. Mafi yawan cin ƙarfe a cikin inji yana faruwa ne a daƙiƙun farko bayan tayarwa, kafin mai ya kai ga sassan da ke sama, don haka man da ya yi kauri kamar kakide da asuba yana barin ƙarfe yana gugar ƙarfe. Idan littafin motar ya ba da zaɓi tsakanin nau'i biyu, a ɗauki mai ƙaramar lambar farko. Idan kuma lokacin juye ya kusa, a yi shi kafin sanyi ya shigo tare da sabuwar filta, maimakon a jira ya cika a tsakiyar hunturu.

Tankin mai kada ya riƙa sauka ƙasa da rabi. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne raɓar da ke taruwa a cikin tankin da babu komai, amma dalilin da ya fi wannan nauyi shi ne cewa man da ke cikin tanki shi ne ɗumin wanda hanya ta rufe da shi na tsawon sa'o'i.

Mai motar dizal yana da ƙarin aiki. A cikin dizal akwai kakin da ke fara daskarewa idan sanyi ya yi yawa, man ya yi gajimare, ya toshe filta, injin ya mutu ko ya ƙi tashi. A ƙasashe masu sanyi gidajen mai suna sauya zuwa dizal na hunturu da kansu. A Jamus, alal misali, wanda ake sayarwa a tsakiyar hunturu an tsara shi ya ratsa filta har zuwa digiri 20 ƙasa da sifili. Haɗarin yana kan motar da aka cika da dizal na bazara aka ajiye, ko wadda ta taso daga yanki mai ɗumi zuwa kan duwatsu, kuma maganinsa shi ne a sha mai a inda ake sanyin. Sinadarin hana kaki da ake zubawa a tanki yana aiki ne kafin man ya daskare, ba bayan haka ba. A sauya filtar dizal, a tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasanta, a gwada fulogan ɗumama inji, domin ɗaya kawai da ya mutu ya isa ya sa mota ta riƙa tari da farin hayaƙi kowace safiya. Ruwan AdBlue da sababbin motocin dizal ke amfani da shi don tsabtace hayaƙinsu yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, amma tankinsa yana da na'urar ɗumamawa, kuma ba a zuba masa wani abu don hana shi daskarewa.

Mataki na huɗu: tayoyi

A nan ne ya kamata mai mota ya fi sakin hannu, domin duk nauyin mota da birkinta da sitiyarinta suna ratsawa ne ta wurare huɗu da kowannensu bai fi faɗin tafin hannu ba. Robar tayar bazara tana fara taurarewa idan zafi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 7, tun kafin a ga ƙanƙara, kuma roba mai tauri ba ta kama kwalta. Tayar hunturu an haɗa ta da roba mai zama da laushi cikin sanyi, an kuma yayyanka zanenta da ƙananan tsage masu yawa da ke cizon dusar ƙanƙara. Alamar da ke tabbatar da ita ita ce hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiyarsa, wanda ake bugawa a gefen tayar bayan ta ci gwajin tafiya a kan dusar ƙanƙara. Haruffan M+S su kaɗai ba su kai wannan matsayi ba, domin suna nuni ne ga siffar zane ba tare da wannan gwaji ba.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wajibi ne matafiyi ya san ta inda zai bi. A lardin Kebek na Kanada tayar hunturu dole ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus ba a ɗaure dokar da kwanan wata ba, an ɗaure ta da yanayin hanya, wato duk ranar da akwai ƙanƙara ko santsi, kuma tun daga Oktoban 2024 tayar da ke ɗauke da alamar dutsen nan kaɗai ake amincewa da ita. Tayoyi masu ƙusoshi, waɗanda ake amfani da su a ƙasashe irin su Finlan da Suwidin, an hana su a Jamus saboda yadda suke cin kwalta.

A saka su huɗu, ba biyu ba. Wanda ya saka biyu a gaba kawai zai ji motar tana tashi da kyau, amma a kwana ta farko mai santsi bayanta zai zame ya zagayo gaba. Haka kuma mota mai jan ƙafa huɗu ba ta kuɓuta daga wannan bukata ba, kuma a ganina masu irin waɗannan motoci sun fi kowa faɗawa cikin ruɗi: jan ƙafa huɗu yana taimakawa wajen tashi da hawan tudu, amma idan aka zo tsayawa, kowace mota da tayoyi huɗu take taka birki, kuma babbar mota mai nauyi ta fi wuyar tsayarwa.

Zurfin zane shi ne abu na gaba. Dokar gama-gari a ƙasashen Turai ta tsaya a milimita 1.6, ko da yake wasunsu suna neman fiye da haka a hunturu, kuma wannan iyaka ce ta ƙarshe. Don hunturu ana son aƙalla milimita 4, domin zanen da bai kai haka ba ba ya iya kwashe narkakkiyar ƙanƙara daga ƙarƙashin taya. A duba shekarun tayar ta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 3521 na nufin mako na 35 na shekarar 2021. Tayar hunturu da ta haura shekara shida robarta ta fara bushewa ko da zanenta yana nan.

Iskar taya tana raguwa da kanta idan sanyi ya sauka, kimanin fam ɗaya na ma'aunin psi a duk faɗuwar digiri 5 zuwa 6, shi ya sa fitilar gargaɗin iska ke yawan kamawa a safiyar sanyin farko. A auna ta kafin a yi tafiya, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba maimakon wadda ke jikin tayar, a maimaita haka aƙalla sau ɗaya a wata, kuma kada a manta da safaya. Tsohuwar shawarar nan ta rage iska don taya ta ƙara kama ƙanƙara ba ta da amfani a kan titi. Wanda zai bi hanyar duwatsu inda ake wajabta sarƙa ya gwada ɗaura ta a gida da rana, domin koyon ta a gefen hanya cikin duhu da daskararrun yatsu azaba ce.

Mataki na biyar: gani da a gan ka

Ruwan wanke gilashi na bazara yana daskarewa a cikin tankinsa da bututunsa, har ya iya fasa famfonsa. A fesa shi ya ƙare, a cika da na hunturu wanda aka rubuta iyakar sanyin da yake jurewa a jikin gorarsa, a sake fesawa har sabon ya fito ta bakin feshin, a kuma ajiye gora ɗaya a but, domin hanya mai gishiri tana shanye shi da sauri. Kada a taɓa zuba maganin lagireto a wannan tanki, yana ɓata fenti yana kuma shafe gilashi da maiƙo. Robar waifa da ke barin layi ko tana ƙara a sauya ta. Kafin a kunna waifa da safe a tabbatar ba ta manne da gilashi ba, in ba haka ba robar ta yage ko fis ya ƙone, kuma a saba kashe ta kafin a kashe mota da dare.

Ƙaramin fashin da tsakuwa ta yi wa gilashin gaba a gyara shi yanzu, domin bambancin zafin hita a ciki da sanyin waje yana mayar da shi doguwar tsaga cikin dare ɗaya. Wannan dalili ne ya sa ba a zuba ruwan zafi a kan gilashin da ya daskare. Abin kankarewa na roba da feshin narkar da ƙanƙara su ne kayan aikin. Hazon da ke rufe gilashi daga ciki kuwa danshi ne, kuma abin da ke kore shi da sauri shi ne a kunna na'urar sanyaya iska tare da hita, domin na'urar tana tsotse danshin, sannan a kashe madannin da ke juya iskar cikin mota. Filtar iskar ɗaki da ta toshe, da dattin cikin gilashi, da jiƙaƙƙen kafet, duk suna ƙara hazo. A zagaya motar a duba kowace fitila, har da ta birki da ta hazo. Fitilun zamani na LED ba sa fitar da zafin da zai narkar da ƙanƙarar da ta rufe su, saboda haka sai direba ya riƙa sharewa da hannu.

Mataki na shida: birki, salansa da jikin mota

Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, shi ya sa yawancin kamfanoni ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. A duba kaurin takalman birki, a kuma tabbatar motar ba ta ja gefe ɗaya idan an taka, domin ɗan jan da ba a damu da shi a busasshiyar hanya ba shi ne ke juya mota a kan santsi. Salansa mai huji ta fi haɗari a hunturu, lokacin da tagogi ke rufe, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙi ba ta da wari ko launi, tana sa barci kafin ta kashe.

Gishirin da ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara shi ne babban mai cin ƙarfen mota. A wanke ta sosai, a shafa mata kakin kare fenti, a taɓa duk inda fenti ya ɓantare, sannan a riƙa wanke ƙarƙashinta a kai a kai a ranakun da sanyi ya sassauta. Robar bakin ƙofofi a shafa mata man silikon don kada ta manne ta yage, ramin makulli kuma a sa masa man da aka yi domin makullai. A daren da aka bi ta cikin narkakkiyar ƙanƙara kuma ana sa ran daskarewa, hanbirki na iya kamewa. Idan wurin ajiyewa shimfiɗaɗɗe ne, barin mota a giya ya fi.

Mataki na bakwai: kayan da ke zama a but

Ba sai an cika mota da tarkace ba. Abin kankare gilashi da burushin share rufi, ƙaramin shebur, wayoyin haɗa batir, tocila, bargo mai kauri, safar hannu da hula, riga mai ƙyalli, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, igiyar ja, cajar waya, ruwan sha da ɗan abin ci da ba ya lalacewa, da ƙaramin buhun yashi da za a zuba a ƙarƙashin taya idan ta riƙa juyawa a wuri ɗaya, sun wadatar. Feshin narkar da makulli kuwa a aljihu yake zama, domin ba shi da amfani a cikin motar da ta ƙi buɗuwa. Wayoyin batir suna da tsari: ja a kan alamar tarawa ta mataccen batir, ɗaya bakin jan a kan ta mai rai, baƙi a kan alamar ragi ta mai rai, bakin ƙarshe kuma a kan wani ƙarfe tsirara na injin motar da ta mutu, nesa da batirinta, sannan a cire su ta bin tsarin daga ƙarshe zuwa farko. Wanda dusar ƙanƙara ta tsare a hanya ya zauna cikin motarsa, ya share bakin salansa, ya riƙa kunna inji na kimanin minti goma a kowace sa'a, ya kuma bar taga a ɗan buɗe.

Safiyar sanyi

Barin mota tana aiki a tsaye na kwata ɗin sa'a gado ne daga zamanin kafireto. Injin zamani yana bukatar daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya kawai don mai ya zagaya, daga nan sai a tafi a hankali ba tare da matsa totur ba, domin tafiya ce ke ɗumama inji da giya da sauri. Sharaɗin kawai shi ne gilasai su washe, a kuma share rufin mota, saboda tulin da ke kansa yana zamowa ya rufe gilashi a birkin farko ko ya faɗa wa na baya. A inda sanyi ke wuce digiri 15 ƙasa da sifili, na'urar ɗumama inji da ake jonawa a wutar gida tana sauƙaƙa tashi ƙwarai, kuma sa'a biyu zuwa huɗu kafin fita sun isa, ba sai ta kwana a kunne ba.

Motar lantarki ba ta da baƙin mai ko dizal, amma sanyi yana rage nisan da take ci da caji ɗaya, yana rage saurin cajinta, kuma ita ma tana da ƙaramin batir mai bolt 12 da ke iya hana ta tashi. A ɗumama ɗakinta da babban batirinta tun tana jone da caja, a fi dogara da ɗumin kujera da na sitiyari maimakon hura iska, a kuma rage ƙarfin birkin da ke mayar da wuta idan hanya tana da santsi.

Bayan an gama duk wannan, a ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba a nemi fili mai faɗi da babu kowa, a tafi a hankali, a taka birki da ƙarfi sau biyu ko uku. Feda za ta yi karkarwa a ƙarƙashin ƙafa tana ƙara; wannan aikin ABS ne, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, kuma abin da ake so shi ne a ci gaba da dannawa ana juya sitiyari, ba a ɗaga ƙafa ba. A nan ne direba zai ga da idonsa tazarar da motarsa ke bukata kafin ta tsaya, wadda a kan ƙanƙara tana iya ninka ta busasshiyar hanya har sau goma, ya kuma riƙe wannan tazara a zuciyarsa musamman a kan gadoji da wuraren da inuwa ta rufe, domin su ne ke fara daskarewa tun sauran hanyar tana jiƙe kawai.